Farin Layin Diggle

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma. Milnsbridge.

Mun kwance igiya a Huddersfield da ƙarfe tara. Matakala takwas yau, wato ɗakunan dutsen nan da ruwa ke ɗaga jirgi a ciki, kafaɗuna sun shaida.

Shekara talatin da ɗaya ina cika littafin jirgin ruwanmu mai suna Maisie, ban taɓa sa komai a ciki ba sai ranar wata, yawan matakala, ko an yi ruwan sama, da sunan matuƙi. Wannan littafin dabam ne. Na saye shi jiya na ɓoye ƙarƙashin tawul, ko da yake yanzu ɓoyon ma ba shi da wani amfani.

Tafiyar mil ashirin ce kacal, amma sai mun haye duwatsu. Matakala arba'in da biyu a hawa zuwa Marsden, sai ramin Standedge da ya huda dutsen, sannan talatin da biyu a gangara. Mijina Clifford ne ya nace. Yana saurayi ya yi shekaru yana zuwa aikin gayya duk Asabar, suna kwashe laka daga matakalan wancan gefen, lokacin da kanal ɗin, haƙaƙƙiyar hanyar ruwan nan da muke bi, ya mutu ya zama juji. Ya ce yana so ya ƙara ganin su. Haka ya faɗa, ni kuwa ban ɗaga kai daga wankin kofi ba.

Rabon aikinmu bai taɓa canzawa ba. Shi yana tsaye a bayan jirgi riƙe da sandar tuƙi kamar wani hakimi, ni ina tudu da ƙarfen murɗawa. In tura ƙofa ya shigo ɗakin dutsen, in rufe, in je gaba in murɗa tagogi ruwa ya shigo ya ɗaga jirgi, in tura ƙofar sama ya fita, in rufe bayansa. Shekarata sittin da takwas. Shi saba'in da biyu, kuma a ganinsa kullum shi ya fi gajiya.

'Yarmu Lorna ta kira. Ba ta iya gaisuwa ba in ranta a ɓace yake.

"Mama, kun tafi ke nan?"

"Mun tafi."

"Kin karanta takardar?"

"Takardar babanki ce, ba tawa ba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na ce mata buta na tafasa. Takardar asibitin tana cikin gwangwanin biskit, inda ya sa ta da hannunsa sati uku da suka wuce.

Talata, 9 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe.

Ya zuba shayi, rabi a kofi rabi a tebur. Na goge. Ya ce jirgi ne ya motsa.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma. Linthwaite.

Doka ce ga duk mai bin kanal, ba a murɗa taga sai matuƙi ya yarda. Yana can ƙasa cikin ɗakin dutse, ga ƙarar inji ga ta ruwa, ko ihu aka yi ba zai ji ba. Don haka ni in ɗaga hannu, shi ya ɗaga babban yatsa, sannan in murɗa. Mun yi haka sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani.

A matakala ta goma sha biyu na ɗaga hannu. Fuskarsa na fuskantar inda nake, bai motsa ba. Na ƙara ɗagawa. Na kaɗa shi kamar mai tsayar da mota. Yana tsaye yana jira, har da ɗan murmushin nan na mai haƙuri da mace mai nawa.

Na daɗe da hannu a sama, har ya yi sanyi. Sai na buga ƙarfena a jikin injin taga sau biyu. Nan take yatsa ya tashi.

Da jirgi ya taso daidai ƙafata ya ce, "Wane sabon salo ne wannan, uwargida? Kiɗa kika koma?"

"Tsatsa nake kaɗewa."

"To ki riƙa kaɗe ta. Tsatsa ba ta da kyau."

Daga nan har muka ɗaure igiya, bugu biyu nake yi. Babu wanda ya ƙara ta da maganar.

Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma.

Ruwan sama tun asuba, ba mu motsa ba. Ya zauna da jarida a buɗe awa guda, shafi ɗaya.

Asabar, 13 ga Satumba, ƙarfe shida da rabi na yamma. Slaithwaite.

Ya bugi bango wajen shiga ta ashirin da ɗaya. Matakalan nan da ɗan yatsa suka fi jirgi faɗi, kowa na bugu. Amma Clifford ne fa, wanda abokansa ke cewa ko ƙwai aka sa tsakanin jirginsa da dutse zai fito lafiya. Ya ce iska ce. Ganye ko ɗaya bai motsa ba.

Mun yi kiciɓis da wani jirgi mai gangarowa. Matar mai jirgin, Pauline sunanta, ta kama mini turin ƙofa. Ta dubi mazanmu biyu, kowa tsaye a bayan jirginsa hannu a ƙugu.

"'Yar'uwa, naki ma sarauta yake yi a baya?"

"Shekara talatin da ɗaya, ba a taɓa tuɓe shi ba."

"Ni nawa gwiwa yake cewa. Gwiwar nan ba ta tashi sai an zo matakala, a hanyar mashaya lafiyarta lau. Ke ba kya tuƙi ne?"

"Na yi sau ɗaya."

Ban ba ta labarin ba, amma bari in ba littafi. A shekararmu ta biyu a jirgi, ɗan'uwansa ya kawo mana ziyara, Clifford ya miƙo mini sanda. Na tura ta dama ina nufin dama, jirgi ya yi hagu, muka gwabza da ƙafar gada. Akwai farantai bakwai na mahaifiyarsa masu bakin leshi, rataye a bangon ɗaki yadda mutanen jirgi ke yi. Shida suka zama gari. Na bakwai ya rabu biyu, na liƙe shi, yana nan rataye har yau. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "Ke dai riƙe ƙarfenki, Enid, kowa da kiwon da ya karɓe shi." Suka yi dariya shi da ɗan'uwansa. Na rantse a gabansu ba zan ƙara taɓa sandar nan ba. Ni kuwa wajen riƙo ba a bar ni a baya ba, uwata ma ta sha faɗa.

Da za mu rabu Pauline ta kama hannuna ta rage murya. "Maigidan naki lafiya? Na gaishe shi, ya amsa wa kafaɗata."

Na ce mata haka yake, kunya gare shi.

Litinin, 15 ga Satumba, tsakar rana.

Ruwa ya yi ƙasa gaba da matakala ta talatin, cikin jirgi na gogar laka. Muna jiran ma'aikata su sako mana ruwa daga sama. Clifford ya kwanta. Na fita bakin hanya na kira Lorna, don na san in ban kira ba ita za ta kira a gabansa.

"Mama, a jirgin nan na girma, kada ki yi mini wayo. Hawa ba komai ba ne, in ya bugi bango fenti ne ya tafi. Gangara fa? Wa zai duba layin?"

"Zan duba masa."

"Daga ina? Kina can ƙofar ƙasa kin juya baya kina murɗa. Ido nawa gare ki?"

"Kin gama?"

"Ban gama ba. Akwai ɗaki a gidana, na faɗa muku tun bara. Ku bar jirgin a Marsden in zo in ɗauke ku."

Gaskiyarta, shi ya sa ta ba ni haushi. A ƙarƙashin ƙofar sama ta kowace matakala akwai dokin ƙofa na dutse, ruwa ya rufe shi. In ana gangara, ruwa na janyewa yana fitowa. An ja farin layi a bango daidai inda ya ƙare, matuƙi ya sa ido ya riƙe jirgi gaba da layin. In ya yi sake bayan jirgi ya hau dutsen, goshi zai ci gaba da sauka shi kaɗai, ruwa ya shiga ta ƙofar gaban jirgi. Minti biyu ya isa. Na taɓa ganin wanda ya faru da shi, matashin kai da tukwane na yawo a kan ruwa, mai jirgin na zaune a bakin bango ya riƙe kai.

Ba mu da wani gida sai Maisie. Kuma shi ne zai kasance a tsaye a kanta.

Laraba, 17 ga Satumba, ƙarfe bakwai na yamma.

Na yi masa hannunka mai sanda muna cin abinci.

"Kafaɗata ta dama ta fara ƙin ƙarfen nan, Clifford. Ko za mu yi musaya bayan rami?"

"Musayar me?"

"Ka murɗa, in tuƙa."

Ya ajiye cokali ya yi dariya. "Ke da kika rantse? Faranti ɗaya ya rage mana, ki tausaya masa."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake yi ba. Matakalan Diggle ni na kwashe lakarsu da hannuna. Ko da ido rufe zan sauke jirgin nan."

Amsar da na ba shi ba zan rubuta ba. Kalma huɗu ce, kuma gaskiya ce, shi ne muninta. Ya tashi ya fita ba ko rigar sanyi. Ta taga na ga yana tafiya a hankali, yana bin gefen shinge da hannu. Na zubar da sauran miyar.

Alhamis, 18 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma.

Matakala biyar. Bugu biyu, yatsa, bugu biyu, yatsa. Maganarmu ke nan yau.

Juma'a, 19 ga Satumba, ƙarfe uku na rana. Marsden.

Arba'in da biyu. Mun hau. Duwatsu sun kewaye mu, tumaki a kai kamar an watsa auduga, ga bakin ramin can baƙi ƙirin a ƙarshen ruwa. Sai Litinin za a bar mu mu shiga.

Ya tafi gari sayen burodi, ya ce shi kaɗai zai je. Na bar shi, amma na tsaya ina kallon sa har ya ƙetare titi.

Na karanta takardar tun ranar da ta zo. Na maida ita yadda na same ta, har ninkin. Ya san na karanta. Na san ya sani. Na yi wa 'yata ƙarya, na yi wa Pauline ƙarya, littafin nan ma na so in yi masa.

Da ya ɓace mini na je bayan jirgi na tsaya inda yake tsayawa. Katakon sandar ya lotsa daidai tafin hannunsa. Na ɗora nawa. Jirgi a ɗaure, inji a kashe. Na tura ta dama na ce da kaina hagu, na tura hagu na ce dama. Tsohuwa da ni, ina bita kamar 'yar makaranta. Tsoro nake ji, ba na ɓoye ba. Ina tsoron in tuƙa, ina tsoron ya tuƙa.

Lahadi, 21 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma.

Mun sauke komai daga rufi saboda rami, bututun hayaƙi, tukwanen fure, buhunan kwal. Ya kwance kowane ƙulli bai duba ba, yatsunsa sun san hanya. Da rana ya ajiye mini kek ɗin citta a gefen murhu. Haka yake ba da haƙuri tun muna samari. Na yanka biyu na ba shi babban, ni ma haka nake karɓa.

Takarda na gwangwani.

Litinin, 22 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma. Diggle.

An auna jirgi da safe, aka ba mu hular kwano da rigar ceto. Hukumar kanal ta haɗa mu da ɗan rakiya, wani Mista Ogden, mai ƙaton gashin baki da ƙaramar murya. Ya tsaya gefen Clifford, ni na zauna a bakin ƙofa daidai gwiwarsa.

Mil uku da wani abu ƙarƙashin dutse, awa biyu. Wani wurin bulo ne, wani wurin dutse tsirara yadda aka fasa shi, yana lanƙwasa kamar hanji. Ruwa na ɗigo mana a wuya. Fitilar gaba ba ta nuna komai sai jiƙaƙƙen bango. Can sai jirgin ƙasa ya wuce ta ramin da ke maƙwabtaka da namu, iska ta bugo mu har kunne ya toshe.

Ban taɓa ganin Clifford ya yi tuƙi irin na yau ba. Ya karkata kai gefe yana sauraron yadda ƙarar inji ke dawowa daga bango. Kafin Mista Ogden ya ce "dama kaɗan" ya riga ya karkata. A wata lanƙwasa mutumin ya bar shi da tuƙinsa har muka wuce, sannan ya ce, "Dattijo, shekara goma sha ɗaya ina raka jirage, ban ga wanda ya bi nan bai bar fenti ba sai kai."

"Matata ce ta koya mini," in ji Clifford. "Duk inda ta buga nake kaucewa."

Na mintsine shi a ƙwauri. Muka yi dariya mu uku a cikin duhu. Na ji daɗi ƙwarai, har na ce a raina ko likitocin nan sun yi kuskure.

Bayan awa ɗaya da rabi Mista Ogden ya ce, "Ga Diggle can." Na leƙa ta saman rufi, na ga ɗigon haske kamar ƙwayar gero. Clifford ya ce, "Ai kuwa."

Muka yi ta tafiya. Hasken ya kai girman kwabo, ya kai faifai, har ina hango koren ciyawa a cikinsa. Mista Ogden ya matsa gefe yana magana a na'urarsa. Sai Clifford ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Enid, da sauran nisa?"

Bakin ramin na gaban fuskarsa sak.

Na ce, "Saura kaɗan." Na ɗora hannu a kan takalminsa, ban ɗauke ba har muka fita.

Talata, 23 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe.

Yau gangara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sake yi masa maganar musaya, ya ce in ɗauki ƙarfena.

Talata, ƙarfe biyar na yamma.



Ta talatin da biyu, wadda ita ce ta farko a gangara, lafiya. Kafin in murɗa na tsaya na tabbatar yana gaba da layi, na murɗa rabi, na waiwaya, na ƙarasa. Ta talatin da ɗaya haka, ta talatin haka. Zuciyata ta fara kwanciya, abin da ya cuce ni ke nan.

A ta ashirin da tara taga ta biyu ta yi tauri. Na juya baya na sa duka ƙarfina. Ban san ko daƙiƙa nawa ba ne. Sai na ji muryar inji ta canza, ta koma wani irin kuka na abin da ke juyawa a iska. Na waiwaya. Bayan Maisie a sama, goshinta a ƙasa, ruwa na lasar bakin ƙofar gaba. Clifford ya rungume sanda da hannu ɗaya, ɗayan yana lalube a iska.

Shekara talatin da ɗaya ban taɓa sakin taga ta faɗi ba. A hankali ake sauke ta, haƙori bayan haƙori, kuma na sha yi wa baƙi masu jirgin haya faɗa a kan haka. Yau na doke harshen ƙarfen da ke riƙe tagogin na sake su duka biyu, suka faɗi da ƙara kamar bindiga. Na ruga ƙofar sama. Ban san ina da gudu ba. Hannuna na so ya buɗe tagar gaba ɗaya, amma in ruwa ya shigo da ƙarfi shi zai ƙarasa jirgin. Na murɗa haƙori uku na tsaya. Na ƙara biyu na tsaya. Ina kallon ruwa yana hawa bango kamar ba ya so.

Goshi ya fara tasowa. Jirgi ya yi nishi, ya zame daga dutsen, ya zauna daidai.

Na leƙa ƙasa. Yana tsaye inda yake, hularsa ta faɗa ruwa. Farin layin na gefen kafaɗarsa, sabon fenti, fes. Da ya miƙa hannu da ya taɓa shi.

Da igiya na ja mu muka fita, muka ɗaure a ƙasan matakalar. Wurin ba na ɗaure jirgi ba ne, amma ba wanda ya zo. Ruwa ya jiƙa darduma har rabin ɗaki, kwanuka duk a ƙasa. Ya shigo ya taka wani abu, ya durƙusa yana tattarawa da yatsu.

"Na Mama ne?"

"Shi ne."

"Zai liƙu?"

"Ba zai liƙu ba."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, "Mun yi kunnen doki ke nan."

"Shida da ɗaya ba kunnen doki ba ne."

"Nawa na ƙarshe ne. Ya fi nauyi."

Na fita waje na yi kuka a bayan shinge, don kada ya ji.

Laraba, 24 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana.

Ba mu motsa ba. Na shanya darduma a rufi. Lorna ta kira sau uku ban ɗauka ba.

Muna zaune a gaban jirgi da shayi, shi ya fara, bai juyo ba.

"Gefe-gefe ina gani, Enid. Ina ganin shinge, ina ganin hanya. Abin da na sa wa ido ne ke ɓacewa. Jiya na juya na dubi layin, na dube shi sosai, shi ya sa ban gan shi ba."

Na sa ido a kan kofina, ya ci gaba.

"Rabona da fuskarki tun watan Mayu. Gashi nake gani da kunnuwa."

"Ba ka yi asarar komai ba."

"Ni na san abin da na yi asara."

Shayinmu ya huce a hannu. Na so in ce me ya sa bai faɗa ba, sai na tuna ni ma me ya sa ban tambaya ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma.

Da safe na ɗauko ƙarfena zan sauka, ya tare ƙofa ya miƙo hannu.

"Ba ni."

"Rantsuwata fa?"

"Ɗan'uwana ya rasu shekara tara, ba sauran shaida. Ni kuma na janye maganata. Ban kyauta miki ba ranar nan, na daɗe da sani."

"Shekara talatin kana sani?"

"Wajen riƙo ke kaɗai kike tsammani?"

Na ba shi. Ya kama hannuna ya ɗora a kan sanda. "Ki tura ta inda ba kya son zuwa. Kada ki yi sauri. In kin shiga ki sa ido a layi, ko sama ta faɗo kada ki kalle ni."

Na kalle shi duk da haka. Ya bi bakin matakala yana nesa da gefe, ya kama dogon katakon ƙofa ya bi shi da hannu, ya sa baya ya tura. Na shiga ta ashirin da takwas na bugi bangon hagu, na gyara na bugi na dama. Daga sama ya ce, "Ba sauran faranti, buga abinki."

Ya rufe bayana, ya tafi ƙofar ƙasa, ya laluba ya sa ƙarfe a mazauninsa. Na matsa gaba har layin ya koma bayana da taki uku. Na duba, na sake dubawa. Sannan na ɗaga babban yatsa, karo na farko a rayuwata, har da ɗan alfahari.

Bai motsa ba. Yana tsaye ya karkata kai, yana jira.

Na ji kunyar kaina. Na sauke hannu, na ɗauki cokalin shayi na buga rufin jirgi sau biyu.

"Tsatsa ce?" ya kira daga sama.

"Tsatsa ce."

Na ji haƙoran ƙarfe suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Bango ya fara tsawo a kaina, baƙi, yana zubar ruwa. Dokin ƙofar ya fito a bayana, ƙato, da gansakuka, bai taɓa mu ba. Ban taɓa sanin haka wurin yake da sanyi da kaɗaici ba. Shekara talatin da ɗaya yana sauka nan ƙasa shi kaɗai, ni ina sama ina ce masa hakimi.

Matakala biyar. Yanzu yana kwance yana kukan kafaɗa.

Juma'a, 26 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma. Uppermill.

A ta ashirin da biyu ya daɗe bai buɗe ƙofa ba. Na hango shi durƙushe yana shafa duwatsun bakin bango, har ya tsaya a kan ɗaya. Ya ce shi ya ɗora shi, akwai tabon kurfi a kusurwa inda hannunsa ya zame. Ban gani ba daga ƙasa, na yarda da shi.

Da muka ɗaure ya ce in danna masa lambar Lorna. Ina jin sa daga wajen murhu.

"Ni ne. A'a, lafiya lau take. Ki same mu a Stalybridge ranar Talata, ki kai ni wajen likitocin idon nan." Ya saurara. "Jirgin? Jirgin yana da matuƙi. Ki bar ɗakinki ki sa baƙi."

Ya ajiye waya ya zauna a kujerarsa. Ya ce, "Ɗauko gwangwanin, Enid. Karanta mini a hankali, kada ki tsallake komai. In kin tsallake zan ji a muryarki."

Na sa tabarau na karanta. Akwai layi biyu da na so in haɗiye, ban haɗiye ba. Ya ce in maimaita su, na maimaita. Ya gyaɗa kai. Ya tambayi wata nawa suke nufi ya rage wa idon, na faɗa masa abin da aka rubuta. Ya ce to.

Saura matakala ashirin da ɗaya. Na ɗauko littafin jirgi na cika na yau kamar kullum. Ya ji motsin alƙalami.

"Me kika sa?"

"Juma'a. Matakala biyu. Ba ruwan sama."

"Sai me?"

"Matuƙi, Enid."

Ya ce in karanta masa wannan ma sau biyu.